Saniyar Rahmatu a Rukunin Kara

Duk wanda ya sha kindirmo a tashar Ɗambatta shekarun baya, da wuya bai sha na Rahmatu ba. Daga ƙauyensu take kawo shi, inda gona ke manne da gona, babu filin da ko akuya za ta yi kiwo. Saniya ɗaya ce tal a turkenta, fara, jikar wadda ta gada wurin ubanta. Da nonon zuriyar saniyar nan ta riƙe kanta bayan rasuwar mijinta, da shi ta ɗauki nauyin karatun ɗanta na fari, Uwaisu, har jami'a.

To, kun dai san kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa roƙonsa ko allura ba. In ya shigo gaisuwa, bango take kallo tana amsawa.

A shekarar da dusa ta fi ƙarfin talaka, Uwaisu ya dawo ƙauye da aikin digirin digirgir. Jami'arsu ce ta haɗa hannu da wata ta Turai, farfesa ɗaya a nan, ɗaya a can. Za a raba shanun ƙauyen gida biyu. Rabi a ba su wani sabon haɗin abinci kyauta har ƙarshen rani, rabi kuwa kara da ruwa kawai, don a ga bambancin nono. Wai masu ilimi sai sun ramar da wata kafin su yarda wata ta yi ƙiba. Don kada a ce ya yi son kai, saniyar uwarsa ya fara sawa a rukunin kara. Da ya gaya mata, ta ce to.

Sauran 'yan rukunin ma to ɗin suka ce. Amma ƙanenta Mati da maƙwabcinta Nababa, da sauransu duka, kowa ya ci gaba da zuba wa tasa harawa a ɓoye. Ban ga laifinsu ba. Wa zai zuba ido dabbarsa ta lalace saboda takardar wani?

Rahmatu ma tana da harawa a kan soronta, amma ba ta taɓa ko dami ɗaya ba. A ganinta, in ta ba saniyar nan ko tafin hannu, ta ɓata karatun yaron, Turawa su ce maƙaryaci ne. Nono ya ja baya, daga ƙwarya ya koma moɗa. Ta daina zuwa tasha. Haƙarƙarin saniya ya fito ana iya ƙirgawa daga zaure. Mati ya yi faɗa har ya gaji, ya ce ta buɗe baki ta gaya wa ɗanta.

"Da wane bakin?" in ji ta.

Abin da ke ƙona mini rai, Uwaisu ba makaho ba ne. Yana zuwa a kai a kai, ya auna nono, ya zagaya ƙirjin saniyar da awo, ya rubuta, ya hau babur. Ya ga ramar sarai, ai ita ya zo rubutawa. Shi yana cewa a ransa in abin ya yi tsanani Inna za ta yi magana, alhali ya fi kowa sanin ba za ta yi ba.

Ana gab da ruwan farko saniyar ta durƙushe, aka ɗaga ta ta ƙi tsayuwa. Da ƙyar mahauci ya iso da wuƙa kafin ta zama mushe.

Uwaisu ya tafi Turai ya ƙarasa, ya dawo ana ce masa Dokta. Ranar walima, Rahmatu na rabon tuwo a tsakar gida, Mati ya tare shi a gabanta ya ce, to ko ba komai saniyar yayarsa ta shiga littafi. Uwaisu ya ce gaskiya farfesan can ya sa an cire ta. Awonta ya yi nisa da na sauran shanun rukuninta, su ba su rame haka ba, sai aka ɗauka kuskure ne wajen aunawa.

Rahmatu ta ajiye mara a hankali. Ba ta dubi ɗanta ba, Mati ta duba.

"Tambaye shi, da na ba ta harawar, da sun ƙirga ta?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai, ya ce da sun ƙirga.