Yadda Na Kai Wa Mai Jego Kunu A Keke

Highbridge, shida saura kwata

Ina idar da sallar Asuba ran Asabar na sauko da kekena daga hawa na huɗu, ina haki tun ban taka feda ba. Matata Hajara ta biyo ni da kula cike da kunun gyaɗa. Tun ƙarfe huɗu ta tashi ta dama shi saboda ƙanwarta Bilki, wadda ta yi haihuwar fari a Brooklyn, ga mahaifiyarsu can a Kano.

"Baban Abba, don girman Allah ka hau jirgin ƙasa."

"Ni da na shekara shida ina zuwa makaranta a keke daga Kurna?"

Ga abin da na ɓoye mata. Ran Lahadi a shagon Isufu, abokina mutumin Maraɗi, mun kalli tseren keken nan na arewacin Faransa, wanda ake yi a yini guda kan tsofaffin hanyoyi masu shimfiɗar duwatsu. Na ce wannan ai wasan yara ne ga wanda ya san ramukan Kurna. Isufu ya ce akwai irin titin a gindin gadar Manhattan, ta ɓangaren Brooklyn, in je in turo masa hoto. Bakina ya ja mini.

Shagon Isufu, shida da minti goma

Na ari famfo na ɗura wa tayoyi iska har suka yi tauri, ina dannawa da babban yatsa yadda mai facin unguwarmu yake yi in za a ɗauki kaya.

"Alhaji, rage mishi iska hwa. Masu tseren ga ragewa su kai in za su hawa duwatsu."

"Isufu, keke za ka koya mini?"

Na ɗaure kula a kariyar bayan keke da roba, na kama hanya.

Bakin kogin Hudson, ƙarfe bakwai

Na tsallaka Harlem na bi hanyar kekuna ta bakin ruwa, kusan mil goma, sumul. Wata tsohuwa ta wuce ni da kare a kwandon kekenta. Sau uku na tsaya, wai ina duba kula.

Gindin gada, takwas da minti ashirin

Ga duwatsun nan a jere, kowanne kamar burodi. Na yi bismilla na taka da ƙarfi. Wayyo Allah! Haƙorana suka hau karo da juna, tabarau ya sauko kan leɓe, keken nan da na cika da iska ya dinga tsalle kamar ɗan akuya. Sai na ji fas! Na zaci taya ce. Zafin da ya gangaro mini a gadon baya ne ya gaya mini marfin kula ne. Ban yi mita ɗari ba. Masu yawon buɗe ido kuwa sun sami abin ɗauka.

Gidan Bilki, tara da kwata

Da turi na ƙarasa. Bilki ta buɗe ƙofa da jariri a kafaɗa.

"Yaya, sannu da hanya! Tun jiya na ƙi cin komai, kunun nake jira."

Ta ɗaga marfi, ta dubi rigata. Ta ɗauko cokali ta kankare gindin kular, bai kai rabin kofi ba. Ta kurɓa, idonta ya kawo ruwa.

"Irin na Inna ne sak."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Highbridge, sha biyu da rabi

A jirgin ƙasa na dawo, ni da keke, babu wanda ya zauna kusa da ni. Isufu ya kira sau biyu yana neman hoto, ban ɗauka ba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni da haƙorana cif, na gode wa Bilki da ta ara mini rigar mijinta.

Labari ya riga ni isa gida. Hajara ba ta ɗaga murya ba. Ta dire faranti cike da soyayyar gyaɗa a gabana.

"Zakaran Kurna, murje mini ɓawon. Gobe da Asuba za ka koma, a jirgi, kula a kan cinya."

Na naɗe hannun rigar aro na fara murza.