Minti Arba'in Ɗin Baba Sannu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina zaune a aji malami yana bayani a kan yadda ake jagorantar ma'aikata, sai saƙon babbar 'yarka ya shigo wayata: "Baba ya rasu ɗazu, a ofis." Na Allah muke, kuma wurinsa muka nufa. Na tattara littattafaina na fita. Mu sittin ne a ajin, babu wanda ya ɗaga kai, ban kuwa ga laifinsu ba. Ba su san ka ba, ni ma da ƙyar suka san ni.

Kai ne manajan masana'antar kujeru da tebura inda na fara aiki bayan na gama jami'a. Shekara biyu na yi a hannunka, ina karɓar odar masu saye ina miƙa wa kafintoci. Ma'aikata suka laƙaba maka Baba Sannu, saboda kowace safiya kafin ka buɗe ofishinka sai ka zagaye masana'antar kaf. Ka fara da mai gadi, ka shiga wajen masu yanka katako, ka bi ta masu fenti, ka ƙare a sito. Kowa da tambayar da ka tanadar masa: ya ƙafar mahaifiyarka, 'yar nan ta fara tafiya, an gyara rufin ɗakin kuwa? Ko da inji yana gurnani sai an kashe shi ka ji amsa.

Har yau ina tuna ranar da na rubuta awon teburan wata makaranta ba daidai ba, aka yanka katako aka ɓata. Ina tsaye ka shiga wajen mai kamfani ka ce kai ka sa hannu, don haka laifin naka ne. Da ka fito ba ka yi mini faɗa ba. Tef ɗin awo ka miƙo mini, ka tura ni na yi mako guda a cikin kafintoci, garin katako har cikin kunnena.

Da na ce zan ajiye aiki in tafi digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, karatun da ba a haɗa shi da aiki, gidanmu aka yi mini caa. Yayana ya ce, "Shekara biyu kacal kika yi, me kika sani da har za ki je koyon shugabanci?" Kai kaɗai ka tsaya mini. Ka ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Je ki, 'yata. Mu da ka muka koyi aikin nan, ke ki koyo shi a littafi ki zo ki gyara mana." Sau uku ka sake rubuta takardar shaidar da makaranta ta nema, wai ba ka yabe ni yadda ya kamata ba.

Ban taɓa faɗa maka irin zaman da na tarar a can ba. Ɗaki ne mai taga ɗaya da ke kallon bango. 'Yan ajinmu sun girme ni da shekara goma, daga bankuna da manyan kamfanoni suka zo, in aka raba mu rukuni sai su ba ni aikin buga abin da suka tattauna. Saboda haka da aka ce kowa ya rubuta nazari a kan wata matsala a inda ya yi aiki, na ɗauri aniyar nuna musu ni ma da nawa. Wurinka kaɗai na sani, sai na ɗauko ka. Na rubuta cewa akwai manajan da ke ɓata minti arba'in kullum a gaisuwa, injuna a kashe, aiki a tsaye. Na ba da shawarar a daina, a mayar da abin taron minti goma a mako. Ni na fi kowa maki. A ranar ne 'yan ajin suka fara tambayar sunana.

Duk Asabar kana kirana, kana cewa, "To malama, me suka koya miki? Tsakura mini." Da ka ji labarin makin sai ka nace in turo maka. Na yi ta kwana-kwana, daga baya na tura, ina fatan makin za ka duba ka bar sauran. Bayan kwana biyu ka kira. Ka ce, "Na karanta har sau biyu. Ashe minti arba'in nake ci? Ban taɓa lura ba. Allah Ya ƙara basira." Ka yi dariya, ni ma na yi, na ce ina sauri zan shiga aji.

Ban daɗe ba na gane abin da na yi. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu a ɗakin nan, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da na koma aji na tarar ba a ma san ban zo ba. A lokacin na tuna cewa a zagayenka ka gano wani mai fenti yana tarin jini tun bai faɗa wa matarsa ba, kuma a shekaru biyun da na yi babu kafinta ko ɗaya da ya bar ka ya koma wani wuri. Duk wannan ban sa a nazarin ba, don ban san yadda ake auna shi ba. Na ce zan faɗa maka na yi kuskure, amma ba a waya ba, sai na zo hutu mun zauna. Saura mako uku hutun.

Washegarin rasuwarka na iso gidanka. Ma'aikata suna zazzaune a ƙofar gida, tsohon kafintan da ya koya mini awo ya janye ni gefe. Ya ce, "'Yata, ke kin fi mu kusa da shi. Laifin me muka yi wa Baba? Wata biyu ke nan bai leƙo mu da safe ba. Daga mota sai ofis, sai wani taro ranar Litinin. Mun so mu je mu ba shi haƙuri, ba mu san a kan me ba." Mai gadi ya ce yakan ga ka tsaya a bakin ƙofar wajen aiki, ka duba agogo, ka juya.

Ban faɗa wa tsohon kafintan gaskiya a ranar ba, shi ya sa nake rubuta wannan. Ya ku ma'aikatansa, wallahi Baba bai yi fushi da ku ba. Yarinyar da ya tura karatu ce ta ce masa ya daina, shi kuwa yana girmama karatu fiye da yadda ya cancanta, sai ya bi. Ni na raba ku da shi a watanninsa na ƙarshe, na bar shi zaune shi kaɗai a ofis, kuma a can mutuwa ta same shi. Ku yafe mini. Shi kam na makara.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata makwancinka, Ya sa duk takun da ka yi zuwa wajen bayinsa ya zama haske gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama da 'ya'yanka huɗu da jikokinka, da mutanen masana'anta tun daga ƙofa har sito. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen.