Ku Buɗe wa Uwar Guragu Ƙofa

Kullum kafin kowa ya iso ɗakin bincike, ƙanwata ta wanke hannu, ta saka farar riga, ta jera 'yan farantanta. Ba kaji take kiwo ba. Wata halitta ce mai yauƙi, irin ta ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, ƙwayoyinta sai da madubin likita ake ganinsu.

Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da ta koya mini na riƙe. Cikin ƙwayar akwai wani abu, mayosin, ɗan'uwan wanda ke jan tsokar hannunmu. Shi ke tsuke ta a tsakiya kamar zariya har ta rabu biyu. Masu bincike sun cire wa wasu shi don su ga yadda za su yi. Su take kira guragu. In aka zuba su a ruwan da inji ke girgizawa, sai su kumbura su mutu. Sai an kwantar da su a faranti sun sami wurin dafawa, ana bin su da hannu.

Likitar da ke binciken ta faɗa a gabana: "Yaya, ba don ita ba da tuni na tattara." Mai gadi ma shaida ne, ranar da zazzaɓi ya kayar da ƙanwata, tana dafa bango ta zo ta canza musu abinci.

Yanzu tsufa ya zo, hannunta ya fara rawa. Faranti ɗaya ya suɓuce mata, sabon shugaba ya karɓe makulli. Wai, "Je ki huta, Mama." Hutun me? Tun ranar ba ta cin abin kirki. Jiya ta ce, "Yaya, wa ya duba su?" Na ce, "Ke, ko mijinki ba ki yi wa wannan ramar ba!" Ko murmushi. Likitar ta ce rabinsu sun mutu, babu wanda ya iya lallaɓa su.

Ƙanwata, ke ce Uwar Guragu. Kin bai wa marasa ƙarfi wurin dafawa, yau ƙarfinki ya ragu an ture ki. Na gode miki, Allah Ya saka. Masu tasowa, ku ɗauki haƙurinta.

Kai kuma shugaba, ban nemi walima ko kwalin yabo ba. Kujera za ka ajiye mata a ɗakin nan, ta zauna ta koya wa masu lafiyar hannu kafin sauran su ƙare. Gobe da safe zan kawo ta da kaina. Ko ka buɗe, ko ka tsallake tsofaffi biyu kafin ka shiga ofis.