Allon da Aka Kafa a Kwanar Garinmu

Ina cikin takaba aka kafa allon. Ban ga aikin ba, sai labarinsa da mata masu zuwa gaisuwa ke kawowa. Wata ta ce turken ƙarfe ne, wata ta ce telebijin ce aka rataye a bakin hanya. Nakan ce to, in miƙa musu ruwa.

A wannan kwanar maigidana ya rasu. Garinmu yana kan gudron, wato hanyar kwalta, da ya taso daga Magariya ya nufi Bande, kuma daf da shiga gari hanyar ta karya, shingen gonaki ya tare ido. Ranar kasuwa ce, bayan la'asar. Maigidana ya ɗauro buhun wake a bayan moto, wato babur, wata babbar mota ta fito daga kwanar a guje. Waɗanda suka gani sun ce direban ya taka birki. Ban tambayi fiye da haka ba. Lokacin da aka zo faɗa mini ina tankaɗe, sai da na ƙarasa na rufe ƙwaryar sannan na tashi. Mata suka cika tsakar gida da kuka, ni kuwa ina zaune ina jiran nawa ya zo, bai zo ba.

Da na fita takaba na koma aikina na koyarwa. Hanyar lakwal, makarantar da nake koyarwa, ta gaban kwanar take bi, don haka na ga allon tun safiyar farko. Dogon ƙarfe ne, a samansa farantin sola, a ƙasa baƙin allo. In mota ta doso sai ya rubuta gudunta. In a hankali take lambar ta fito koriya, in ta wuce ƙima ta koma ja tana ƙiftawa. Akwai kuma layin rubutu da ke sauyawa. Ranar kasuwa yakan ce akwai dabbobi a kan hanya, da damina ya ce ruwa ya hau gada a gaba. Na tsaya na karanta, na wuce.

Mutanen gari sun yanke cewa saboda maigidana aka sa shi. Sukan tare ni su ce, "Malama, kin ga Allah ya sa mutuwarsa ta amfani jama'a." In ce amin.

Wata rana direktan lakwal ɗinmu ya kira ni ofis.

"Madam, an ce a koya wa yara karatun allon nan da yadda ake tsallaka titi. In zai yi miki nauyi, sai in ba wani."

"Zan yi, Mushe," na ce, yadda muke kiran malamai maza.

Na jera 'yan ajina a inuwa nesa da kwalta. Duk motar da ta zo su faɗi lambar da ƙarfi. Da amalanken shanu ya wuce allon ya nuna wata 'yar ƙaramar lamba, suka yi ta dariya har da masu faɗuwa ƙasa. Na jira suka gama, na ci gaba da bayani.

Muna nan ma'aikacin da ke kula da allon ya iso daga Zinder, ya hau tsani yana goge farantin. Bai san ni ba. Na tambaye shi yaushe aka yi shawarar kafa shi a nan.

"Ai an daɗe, Hajiya," in ji shi. "Tun bara ya kamata a ce yana aiki. Kayan ne suka yi jinkiri a hanya."

Na yi masa godiya. Na mai da yara aji, muka yi lissafi har aka tashi. Ban faɗa wa kowa abin da ya ce ba.

Bayan girbi surukata ta zo daga ƙauyensu na wajen Sassumbrum. Idonta ya yi rauni, amma ta ce sai na kai ta ta ga abin da ake faɗa. Muka tafi da hantsi, tana riƙe da hannuna. Ta shafa ƙarfen, ta ɗaga kai.

"'Yar nan, me ya ce?"

"Bai ce komai ba, Inna. Sai mota ta zo."

Muka jira. Can wata motar kaya ta taho, allon ya yi ja, muka ji direban ya sassauta. Ya wuce mu a hankali, har yaron motar ya ɗago mana hannu.

"Da yana nan ran nan, me zai yi?"

"Ja zai nuna."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

Ta sake shafa ƙarfen. Sannan ta ce Allah ya tsare 'ya'yan mutane, ta ce rana ta fara zafi.

Tun daga lokacin ban ji an sake ɗaukar gawa a kwanar ba, sai awaki jefi-jefi. Wasu direbobin suna sassautawa, wasu suna wuce allon su ƙara wuta. Inna ta kwana biyu a wurina, ta taya ni ɓarar gyaɗa, na sa ta a motar kasuwa ta koma gida.