Ruwan da Ke Jinin Hapsatu

Duk wanda ya ci kasuwar Birnin Kudu a shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa ya san Hapsatu mai nono. Daga Yalwan Damai take tasowa da ƙwarya a ka, doguwa, ga baki kamar reza. Abin alfaharinta a duniya ɗaya ne: tun tana budurwa ba ta taɓa zuba wa nononta ruwa ba. Ka ce mata mummuna, ta yi dariya. Ka ce ta yi algus, to ka nemo wa kanka.

Wata damina wasu likitoci suka zo gwajin maganin zazzaɓi. Suna ɗibar jinin wanda ya yarda, su zuba a siririyar kwalba, su juya a wani inji har jinin ya rabu biyu, ja ya kwanta ƙasa, wani ruwa fatsi-fatsi ya taso sama. A wannan ruwan suke auna maganin, don haka dole su san yawansa. Mata suka yi ta noƙewa, Hapsatu kuwa ta miƙa hannu. Malam Salihu, mai juya injin, ya nuna mata kwalbarta ya ce fiye da rabi ruwa ne, kuma haka jinin kowane mai lafiya yake.

Ashe Ɗanbala wanzami na tsaye bakin tagar ɗakin gwajin. Rabin farko na maganar ya ɗauka, ya bar sauran. Kafin la'asar ya baza a kasuwa cewa shi da ya tsufa yana yi wa mutane ƙaho bai taɓa ganin ruwa a jini ba, kuma macen da jininta ma gauraye yake, ina ga ƙwaryarta? Aka yi ta shewa. Wasa-wasa, masu sayen nononta suka fara wucewa suna kau da kai.

Wallahi abin ya ci mata rai. Tana komawa gida da nono ya yi tsami, ta zuba wa maruƙa. 'Yarta Safiyatu ta roƙe ta ta koma cin kasuwar Basirka har ƙura ta lafa. Ta ce ko gawarta ba za a kai Basirka ba.

Ranar kasuwa ta je rumfar Ɗanbala, yana tsakiyar aski, ta riƙe masa wuyan riga.

"Tashi mu je a juya naka jinin. In babu ruwa, na fasa ƙwaryata a gabanka."

Mutumin da ke tsaga bayan mutane kullum, sai ga shi yana tsoron allura! Jama'a suka biyo su har bakin taga. Aka ɗibi jininsa, Malam Salihu ya juya inji, ya ɗaga kwalba. Jan ɗan kaɗan ne a ƙasa, sauran duk ruwa. Ya ce wa Ɗanbala a hankali jininsa ya yi ƙasa sosai, yana bukatar magani da abinci mai kyau, ba da wasa ba.

Kowa ya zuba wa Hapsatu ido, ana jiran ta yi guɗa. Ta dubi wanzamin, ta ga yadda idonsa ya yi fari fat, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Washegari ta dire masa kwanon fura da kindirmo a rumfarsa, ta juya. Haka ta yi ta yi har ya murmure. Ya aiko dattawa ba da haƙuri, ta tarbe su, ta shayar da su.

"Ku gaya masa ya sha, ya warke," in ji ta. "Amma sunana da ya ɓata, wannan sai gaban Allah."

Har ta bar duniya ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba.