Gatarin Kaka Ya Sami Ƙota

Daga Rurum

Ana idar da sallar asuba na naɗe gatarin yaƙin kakanmu cikin tsohuwar tabarma, na ɗaure a bayan keke, na bar Rurum. Shekarar hayaniyar zaɓe ce, gab da samun mulkin kai. Gatarin ya daɗe a ƙarƙashin rumbu, tsatsa ta ci bakinsa, gara ta cinye ƙotar. Baba, wanda idonsa ya daina gani, ya ce yana so ya sake riƙe shi da ƙotarsa kafin ta Allah ta kasance. Shi kuwa Baba ko a gishirin miya sai ya sami abin faɗa.

A mashigar Rano wani ɗan doka ya tare ni, wai an hana yawo da makami. Ya kwance tabarmar, ya dubi ƙarfen, ya yi dariya. "Wannan ko kabewa ba zai fasa ba. Wuce, Malam." Na ji haushi ƙwarai, amma na wuce.

Rano

Maƙerin da aka yi mini kwatancensa, Malam Ɗanjuma, ya jiƙa ƙarfen a ruwan tsamiya, ya goge da yashi da toka, sai ga wani zane a jikinsa da ban taɓa gani ba. Ya wasa bakin a hankali. Na ce saura ƙota.

"Ni ƙarfe na sani," in ji shi. "Tafi Kibiya wajen Audu masassaƙi."

Malam Ɗanjuma ya karɓi sule biyu ladan aikinsa, ya kuma sauke ni a zaurensa. Na sha tuwon dawa da miyar kuka, sauro kuma ya sha ni.

Kibiya

Keke ya yi faci a hanya, da turi na shiga gari. Audu ya zaɓo iccen marke mai ƙulli a kai, ya ce, "Ina mai gatarin? Da hannun mai ita ake auna ƙota, daga hammata zuwa tafin hannu."

"Yana Rurum, ba ya iya tafiya."

"To miƙo naka. Ba na sassaƙa wa iska."

Na miƙa, alhali na san na fi Baba tsawo nesa ba kusa ba. Audu ya sassaƙe iccen da gizago, ya gasa gindin ƙarfen har ya yi ja, ya cusa shi cikin ƙullin, hayaƙi ya tashi. Ya shafe ƙotar da man kaɗanya, ta yi kyau. Ni dai duk hanyar komowa tsara amsar da zan ba Baba nake yi.

Gida

Bayan la'asar na sami Baba a zaure. Ya shafa gatarin daga baki har gindi, sannan ya kafa ƙotar a hammatarsa. Ta zarce tafinsa sosai.

"Da hannun wa aka auna?"

"Da nawa, Baba."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Ni ma ran da ubana ya aike ni gyaran ƙotar nan, da nawa aka auna. Ka zaci ban san za a tambaya ba?" Ya miƙo mini. "Riƙe kayanka."

Na karɓa da hannu biyu. Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya, ya dawo da ni na tarar da Baba da ransa.