Wata Goma Sha Biyar a Hawa na Bakwai

A layinsu ba wanda ya san ta da wani suna sai Aku. Mahaifiyarta, Inna, ita ta laƙaba mata shi tun tana 'yar shekara huɗu saboda bakinta ba ya hutawa, kuma sunan ya bi ta har ɗakin aure, har ta yi jikoki. Kitso ne sana'arta. A barandar gida take zama bisa wata guntuwar kujera, mace ta zauna a tabarma ta jingina da gwiwoyinta, yatsu na aiki, baki na aiki. Matan layin kan ce rabin abin da ke kai su wurinta kitson ne, rabi hirar. In ta ja gashi aka ce wash, sai ta ce, "Yi haƙuri, ba laifina ba ne, kan ne ya yi wata biyu bai ga mataji ba."

Mijinta malamin lissafi ne. Shekara talatin ya yi yana koyarwa, shi ya sa kowa, har ita, Malam ake ce masa. Ba shi da yawan magana a gida. Yakan ce duk maganar da Allah ya ba shi a aji yake ƙarar da ita, kuma ko ya dawo da saura ba zai samu inda zai sa ta ba. Ita kuwa aji uku ta yi ta bar makaranta. Sau da yawa ya zauna zai koya mata karatu, amma kafin ya rubuta harafi biyar ta ba shi labari uku. Daga baya ya haƙura.

Shekarar da ya yi ritaya muryarsa ta dishe. Aka ce mura ce, aka ce ƙurar alli ce ta shekara da shekaru. Sai da aka yi wata shida ana yawon asibiti kafin wani likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma aikin sai an fita waje, wata ƙasa mai nisa. Tsofaffin ɗalibansa suka haɗa hannu suka shirya tafiyar. Babban ɗansu ne ya kamata ya raka shi, amma takardarsa ba ta fito ba, ta Aku ce ta fito.

"Umma, anya za ki iya kuwa?" in ji ɗan.

"Sati shida ne fa suka ce, ba shekara shida ba. Ni da ko da kurma ka haɗa ni sai mun yi hira?"

Ta je gidan ƙanenta ta yi wa Inna sallama. Tsohuwar ba ta gani sosai a lokacin. Ta lalubo hannun 'yarta ta riƙe, ta ce, "Ki rage surutu a garin mutane, kada su gaji su dawo mana da ke."

Jirgi biyu suka hau. Ɗakin da aka kama musu yana wani dogon bene kusa da asibitin, hawa na bakwai. Gado ɗaya, kujera ɗaya, murhun lantarki mai kai ɗaya, sai taga da ke kallon bangon wani benen. In ta leƙa ta ɗaga kai sosai takan ga sama, kamar faɗin ɗankwali. Akwai lif, amma ba ta yarda da akwatin da ke rufe mutum ya ɗaga shi ba, don haka matakala take bi.

Washegari da safe ta ci karo da wani mutum yana fitowa daga ƙofar da ke kallon tasu. Ta ɗan rusuna, ta ɗaga hannu, ta ce ina kwana. Ya dube ta, ya dubi agogonsa, ya wuce.

"Malam, rasuwa aka yi wa mutanen nan ne?"

"Haka suke," in ji shi da 'yar muryar da ta rage masa. "Kowa sauri yake yi."

Makonnin farko Malam ne bakinta, shi ne kunnenta. Likitocin suna jin Turanci, shi ma yana ji, don haka duk abin da aka faɗa yakan juyo ya fassara mata a taƙaice. A sati na uku aka sa ranar aiki, aka kuma gaya masa gaskiya: za a cire inda murya take fitowa gaba ɗaya. Da safen ranar, ana tura shi a gadon taya tana biye, ya yi mata alama ta matso. Ta sunkuya tana jiran wasiyya.

"Kin kashe murhun?" ya ce.

Maganar ƙarshe ke nan da ta ji daga bakin mijinta.

Ya fito da rai, da 'yar ƙofa a wuya wadda yake numfashi da ita, da siririyar roba a hanci wadda ake ɗura masa abinci ta cikinta. Aka ba shi littafi da biro. Likitoci su zo su yi bayani, ya rubuta amsa, su gyaɗa kai su fita. Ta ce, "Me suka ce?" Ya rubuta ya miƙo mata. Ta tsura wa takardar ido. A hankali ta gane kamannin wasu kalmomi: ruwa, zafi, je ki huta. Abin da ya wuce haka ya fi ƙarfinta. Sai suka koma buga cokali a jikin kofi: ɗaya na nufin e, biyu a'a.

Sati shida suka cika ba a yi zancen tafiya ba. Aka ce sai an yi wata biyu ana haska wurin da na'ura. Ana gamawa ɗinkin ya ruɓe, aka sake shiga da shi. Ya ɗan ji sauƙi ya dawo ɗaki, zazzaɓi ya mayar da shi. Sau biyu tana bin layi a wani ofis ana sabunta musu izinin zama, tana dangwala yatsa inda aka nuna mata. Sanyi ya shigo ya same ta da silifa.

Kwanakinta duk kamarsu ɗaya. Ta yi salla, ta dafa romo ta tace shi sau biyu don kada ya toshe robar, ta zuba a fulas, ta sauko matakala. Ta bi titi ɗaya miƙe, ta wuce kantin da take sayayya da nuni, ta wuce wurin wankin kaya, ta shiga asibiti. Ta zauna gefen Malam ta yi ta ba shi labari, amma labarin ma ya ƙare, don ba ta ga kowa ba, ba ta ji komai ba. Ƙarfe huɗu a kori masu jinya. Wata rana tana wanke tukunya ta lura cewa tun dawowarta jiya ba ta ji muryarta ba sai a salla. Ta yi gyaran murya don ta tabbatar tana nan. Gezar bargon ɗakin kuwa ta kitse ta tsaf, ta tsefe, ta sake kitsewa, ba ta san sau nawa ba.

Da farko kullum yara na kira. Amma lokacin can da na gida ba ɗaya ba ne: in ita ta zauna, su suna wurin aiki. Kiran ya koma sati-sati, kuma gajere. "Kowa lafiya, Umma. Ya jikin Baba?" Ba ta ga laifinsu ba. Ita ma ba ta da abin da za ta ƙara.

A barandar asibitin akwai wani dogon benci inda masu jinya ke jira in ana wanke ciwo. Nan ta saba ganin wata tsohuwa mai dogon gashi fari sol, wadda ke jinyar ɗanta, magidanci, a ɗakin gaba. Ita ma baƙuwa ce, don ma'aikatan ba sa jin yarenta. Ba su taɓa magana ba. Wata rana dai matar ta ɓare lemo ta ajiye rabi a tsakaninsu, Aku ta ɗauka. A ranta ta sa mata suna Maƙwabciya.

A wata na tara, ta shigo da fulas ɗinta ta tarar Malam ya cika shafi guda da rubutu. Ya yage ya miƙo mata.

"Haba Malam, wannan ai jarrabawa ce ka ba ni. Bari in huta tukuna."

Ta ninke ta jefa a jaka. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya fuskarsa bango. Ta ɗauka jikin ne. Kwanakin da suka biyo, duk sanda ta kira ƙanenta ta ce a ba ta Inna, sai ya ce ta yi barci, ko ya ce yana waje.

Kwana goma sha biyu bayan haka, da tsakar rana, tana matakalar asibiti saƙon murya ya shigo wayarta. Wata ce daga cikin matan da take yi wa kitso.

"Aku, ya haƙuri? Wallahi sai yau na samu lambarki. Allah ya jiƙan Inna, Allah ya ba ki dangana."

Sau uku ta saurara. Ta kira ƙanenta.

"Yaya, ki yi haƙuri," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mun aika wa Malam, mun ce shi ya gaya miki a hankali. Mun ɗauka ya gaya miki, kin kasa magana ne, sai kuma muka ji kina ta tambayarta."

Ta zauna a matakalar ta zazzage jakarta. Takardar na nan. Ba ta iya karanta ta ba, amma ta san kamannin sunan. Ta bi layin da yatsa, ta ga Inna, ta sake ganin Inna, har wuri shida.

Ta hau sama ta ɗura wa Malam romonsa, ta goge masa wuya. Sannan ta ce, "Ashe ka gaya mini." Bai nemi cokalin ba. Ya kama wuyan hannunta ya riƙe. Ba ta yi kuka a gabansa ba, don in ya yi kuka tari ke sarƙe shi.

A benci ta yi kukanta. Ba wanda ya zo mata ta'aziyya, mutane na wucewa da sauri suna kauda kai. Maƙwabciya ce ta matso har kafaɗarsu ta haɗu. Can da kukan ya lafa, Aku ta dubi kan matar, gashin ya cukurkuɗe, da gani ya yi watanni ba mai kula da shi. Ta ciro mataji daga jaka, ta nuna ƙasa. Matar ta gane, ta sauka ta zauna a gabanta.

Gashin santsi ne da shi kamar zaren siliki, kafin ta kai ƙarshen layi farkonsa ya fara warwarewa. Ba ta damu ba. Tana kitso tana ba ta labarin Inna da Hausa: yadda take zagi da dariya a lokaci ɗaya, yadda ta koya mata tsaga da tsinke, yadda ta yi takaba tana da ƙananan yara biyar. Da ta yi shiru, matar ta ɗauka da nata yaren, ta yi ta yi, wani wurin muryarta ta karye. Aku na cewa, "Allah sarki. Haka ne." Sati uku suna haka kusan kullum.

Wata Litinin ta zo ta ga bencin ba kowa. Ta leƙa ɗakin gaba, ta ga an sauya zanen gadon, wani baƙo ne a kai. Ta tare wata nas ta kwatanta mata dogon gashi da hannu. Nas ɗin ta yi dogon bayani ta wuce, kuma daga fuskarta ba a gane ko sallama aka yi ko rasuwa. Da ta sa Malam ya tambaya a rubuce da an gaya masa. Ba ta sa shi ba.

Ran nan ta ja kujera kusa da gadonsa ta ce, "Malam, koya mini." Wannan karon ba labari ko ɗaya. Wata huɗu suna yi, harafi bayan harafi, in ta yi daidai ya buga kofi sau ɗaya. Abin da ta fara karantawa daga farko har ƙarshe shafin nan ne, kwana huɗu ya ɗauke ta. Ya rubuta cewa Inna ta cika da hantsi, bayan ta sha shayi, ba ta wahala ba. Layin ƙarshe ya ce: na rasa yadda zan yi in gaya miki, ki yafe mini.

A wata na goma sha biyar aka sallame su. Kwana uku gidan cike da 'yan barka da zuwa, kowa da tambayarsa. An ce jirgin ƙasarsu ta ƙarƙashin ƙasa yake bi? An ce akwai kasuwar da sai ka yini ba ka zagaye ta ba? Aku ta ce haka aka ce. Ita titi ɗaya ta sani, da kanti ɗaya, da benci. Matan suka yi ta tsokanarta wai ta je waje ta koyo yanga, ta daina kula mutane. Ta yi murmushi ta bar su.

Yawancin masu kitsonta sun koma wurin wata a bayan layi, kaɗan ne suka dawo. Ɗakin Inna kuwa ƙanen Aku ya zuba buhuna da wani tsohon keke a ciki. Ta tsaya a bakin ƙofar na ɗan lokaci, sannan ta ce bari ta koma, lokacin maganin Malam ya yi.

Malam ya ƙara shekara uku, a gida ya rasu, cikin 'ya'yansa. Aku tana nan, tana kitso in an zo, ko da yake idon ya fara gajiya. Kwanan baya wata jikarta ta dawo daga makaranta da littafin taswira, ta zauna a gabanta za a yi mata kai, ta ce Kaka ta nuna mata inda suka je. Aku ta duba ta duba, ba ta gane komai ba. Yarinyar ta nemo da kanta, ta ɗora babban yatsa a nan, ta miƙa ɗan ƙaramin zuwa can.

"Kaka, ai ba nisa. Taƙi ɗaya ne ma bai cika ba."

"To," in ji Aku. "Ɗago kanki, tsagar za ta karkace."